Rumbun Ruwa Na Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Ake Tace Ruwan Kwata A Mayar Da Shi Rijiya

Wannan shi ne jawabin wata ga ɗaliban azuzuwan manya. Malamin aji ya fara karanta shi a bayyane. Sa'an nan ɗalibai su karanta da kansu, kashi-kashi.

 

Jawabin wannan wata a kan ruwa yake. Kowa ya san wahalar ruwa da bazara. Rijiya takan ja baya. A ƙara wa guga igiya. Mata da yara su kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. To, akwai wata gunduma a ƙasar Amurka da ta shiga irin wannan hali. Mutanenta sun ɗebi ruwan ƙasa har ya kusa lalacewa. Amma sun sami dabara. Yanzu suna tara ruwan kwatar garuruwansu, su tace shi tas, su mayar da shi cikin ƙasa. Daga baya su jawo shi ta rijiya su sha. Ku saurara ku ji yadda suke yi, da kuma darasin da ke ciki.

Daga Ina Ruwan Rijiya Yake Zuwa?

Idan an yi ruwan sama, ruwan yakan kasu uku. Wani ya bi rafi ya tafi. Wani rana ta shanye shi. Wani kuma ya nutse cikin ƙasa. Wanda ya nutse yakan sauka a hankali, har ya tarar da yashi da tsakuwa a can ƙasa. Sai ya zauna a tsakanin ƙwayoyinsu, kamar yadda ruwa yake zama a cikin soso. Shi ake kira ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi mai haƙa rijiya yake tararwa. Shi kuma famfon burtsatse yake jawowa.

Wannan wuri kamar rumbu yake. Damina ce take zuba masa. Mutane da dabbobi da masu lambu su ne suke ɗiba. Kowane magidanci ya san abin da ke faruwa ga rumbun da ake ɗiba fiye da abin da aka zuba. Ko ba daɗe ko ba jima, za a ga gindinsa.

Gundumar Oranj

Gundumar Oranj tana cikin jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka. Tana bakin teku, kudu da babban birnin Los Anjalas. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama. Abin da take samu a shekara bai kai rabin abin da Kano take samu ba. Kogi ɗaya ne babba a cikinta, watau kogin Santa Ana.

A da, gundumar ta manoma ce. Sun shahara da noman lemo, har daga lemon ta sami sunanta. A lokacin ruwan ƙasa yana da yawa ƙwarai. A wasu wurare, da an huda ƙasa sai ruwa ya yi tsiri da kansa. Manoma suka yi ta haƙa rijiyoyi, suna sa injuna. Ruwa ya fara ja da baya. A shekarar 1933 aka kafa hukumar ruwa ta gundumar, domin ta kula da wannan rumbu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane suka yi ta tururuwa zuwa can. Gonakin lemo suka zama gidaje da masana'antu. Yau mutanen gundumar sun haura miliyan 3. Kimanin miliyan 2 da rabi daga cikinsu, mafi yawan ruwan da suke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Sauran kuma sayo shi ake yi daga nesa, daga kogin Kolorado da arewacin jihar, ta manyan hanyoyin ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita.

Yadda Teku Ta Shigo Rijiya

Ƙasar da ke bakin teku tana da wata matsala ta daban. Yashin da ke riƙe da ruwan daɗi, shi ne ya miƙe har ƙarƙashin teku. Muddin rumbu yana cike, nauyin ruwan daɗi yakan tare ruwan gishiri. Idan aka ɗebe ruwan daɗi da yawa, sai wurin ya zama fili. Ruwan teku ya biyo ta cikin yashi ya maye gurbinsa.

Haka ta faru a gundumar Oranj. A shekarun 1950, ruwan ƙasa ya sauka har ya yi ƙasa da teku. Ruwan gishiri ya kutso cikin ƙasa kimanin kilomita 5. Rijiyoyin bakin teku suka koma zartsi, aka bar su. Ruwan zartsi kuwa ba ya shayuwa, kuma yana kashe shuka.

Masanan ruwa suka zauna suka yi shawara. Suka ce a haƙa jerin rijiyoyi a kusa da teku. Waɗannan rijiyoyi ba na ɗiba ba ne, na zubawa ne. A riƙa tura ruwan daɗi cikinsu da ƙarfin inji. Ruwan zai zama kamar katanga a ƙarƙashin ƙasa, ya hana na gishiri wucewa. Hausawa dai sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, amma ina za a sami ruwan da za a riƙa zubawa kullum, rani da damina?

Sai suka duba ruwan kwata. A garuruwan can, kowane gida yana da bututu. Ruwan wanka, da na wanki, da na wanke-wanke, da na bayan gida, duk yana bin bututun zuwa wuri guda. A can ake rage masa dauɗa, sa'an nan a tura shi teku. Wannan ruwa ba ya yankewa. Ko ana fari, mutane ba su daina wanka da wanki ba.

A shekarar 1976 suka fara aiki da wata matata da suka sa wa suna Masana'antar Ruwa ta 21. Ta yi aiki kusan shekara 30 tana ba katangar nan ruwa. Da suka ga abin ya yi kyau, sai suka gina wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Hukumar ruwa da hukumar kula da magudanan gundumar ne suka haɗa kuɗi. An buɗe sabuwar matatar a watan Janairu na shekarar 2008.

Da farko tana tace lita miliyan 265 a kowace rana. A shekarar 2015 aka faɗaɗa ta zuwa lita miliyan 379. A shekarar 2023 aka sake faɗaɗa ta zuwa lita miliyan 492. Duro guda yana cin lita 200. Watau ke nan kusan duro miliyan 2 da rabi a kowace rana ta Allah. Wannan ruwa ya ishi mutum miliyan 1.

Matakan Tacewa

Kafin ruwan ya iso wannan matata, sai ya bi ta hannun hukumar magudanai. A can ake tsame tsummoki da leda da yashi. A bar ruwan ya kwanta a manyan tankuna, dauɗa mai nauyi ta sauka ƙasa. Sa'an nan a hura masa iska, domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye sauran ƙazantar. A wannan mataki ruwan ya yi haske, amma bai isa sha ba. Saura matakai uku.

Mataki na ɗaya shi ne rariya. Ba irin rariyar tankaɗe ba ce. Wasu siraran zaruruwa ne na roba, masu rami a tsakiya kamar karan alkama. Jikinsu yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai. Sai an tsaga silin gashin kai gida 300 kafin a sami faɗin ƙofa ɗaya. Inji yana zuƙo ruwan ta cikin ƙofofin. Laka da ƙwayayen tsutsar ciki da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya wucewa. Lokaci-lokaci akan turo ruwa ta baya a wanke zaruruwan, don kada su toshe.

Mataki na biyu shi ne tacewa da matsi. Ku tuna yadda mata suke tace gasara. Sukan zuba ƙullu a ƙyalle, su matsa, ruwa ya fita, dusa ta tsaya. To, haka ake yi a nan. Sai dai ƙyallen wani fallen roba ne na musamman, wanda aka naɗe cikin dogayen bututai. Manyan injuna suna danna ruwan a jikinsa da ƙarfin gaske. Ruwa zalla ne yake ratsawa. Gishiri yakan tsaya. Ƙananan ƙwayoyin cuta da suka tsere wa rariya sukan tsaya. Haka kuma yawancin ragowar maganin ƙwari da na magungunan da mutane suka sha. Cikin kowane bokiti 100, kimanin 85 ne suke wucewa. Sauran 15 da suka kwashe dauɗar, ana mayar da su ga hukumar magudanai, a tura su can cikin teku.

Mataki na uku shi ne haske da magani. Ana ɗiga wa ruwan wani magani kaɗan. Irin ruwan maganin nan ne mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti. Sa'an nan ruwan ya bi ta gaban dubban fitilu. Haskensu irin wani sashe ne na hasken rana wanda ido ba ya gani. Hasken da maganin sukan haɗu su kashe duk ƙwayar cutar da ta rage. Sukan kuma farfasa ragowar guba da ta sulale ta cikin fallen roba.

Bayan wannan, ruwan ya yi tsabta har ta yi yawa. An cire masa duk ma'adinan da ruwan rijiya yake da su. Irin wannan ruwa yana cin bututu. Saboda haka sai a ƙara masa 'yar farar ƙasa da aka sarrafa, domin ya daidaita.

Me ya sa matakan suka yi yawa haka? Dalili shi ne, inji yana iya samun matsala. Idan mataki ɗaya ya yi rauni, na gaba zai tare. Mai dukiya ba ya dogara da ƙofa ɗaya. Yakan yi katanga, ya sa ƙyaure, ya kuma sa kwaɗo.

Mayar Da Ruwa Cikin Rumbu

Ruwan da aka tace yakan kasu biyu. Kashi ɗaya ana tura shi cikin rijiyoyin bakin teku, domin katangar nan ta tsaya da ƙarfinta. Kashi mafi yawa kuma yana bin wani babban bututu mai tsawon kimanin kilomita 21, zuwa garin Anahayim. A can ƙasar yashi ce da tsakuwa, mai shan ruwa da sauri. An haƙa manyan tafkuna. Ana sakin ruwan a cikinsu, ya riƙa nutsewa kamar ruwan sama.

A ƙarƙashin ƙasa, ruwan yakan gauraya da na sama da na kogi. Yana tafiya a hankali ta cikin yashi. Sai ya yi watanni, wani ma shekaru, kafin ya isa rijiyar da ake sha. Dokar da jihar Kalifoniya ta kafa a shekarar 2014 ta ce kada zamansa a ƙasa ya gaza wata 2. Hikimar ita ce, idan an gano wata matsala, akwai lokacin rufe rijiya kafin ruwan ya kai bakin mutane.

Ajiya a ƙasa tana da wani amfani kuma. Ruwan dam rana tana shan sa. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa rana ba ta ganin sa, sauro ba ya haihuwa a cikinsa. Ana iya zuba shi a shekarar wadata, a ɗebe shi a shekarar fari.

Sai Da Gwaji

Ma'aikatan matatar ba sa dogara da ido. Ruwa yana iya yin garai-garai alhali da guba a ciki. Akwai na'urori masu auna ruwan dare da rana. Akwai kuma ɗakin gwaji inda ake neman ɗaruruwan sinadarai, ɗaya bayan ɗaya.

Amfanin gwaji ya fito fili a shekarar 2000, zamanin tsohuwar matata. An gano wani sinadari da ake kira NDMA a cikin ruwan. Masana suna zargin yana jawo ciwon daji. Ƙwayarsa ƙarama ce sosai, har tana ratsa fallen roba. Nan da nan aka rufe rijiyoyi biyu na sha. Aka kawo fitilun nan masu farfasa guba. Shi ya sa da aka zo gina sabuwar matata, aka sa haske ya zama mataki na dole.

Har ila yau, hukuma tana sa ido a kan masana'antu. Ba a yarda kowa ya zuba guba a magudana yadda ya ga dama ba. Abin da bai shiga ruwa ba tun farko, ba sai an sha wahalar cire shi ba. Rigakafi ya fi magani.

Maganar Ƙyama

Wani zai ce, ko an tace shi sau ɗari, ai ruwan bayan gida ne. Mutanen Amurka ma sun faɗi haka. A birnin San Diyego, da ke kudu da gundumar Oranj, an shirya irin wannan aiki. Mutane suka yi ta surutu, suna cewa za a ba su ruwan masai su sha. A shekarar 1999 majalisar birnin ta dakatar da shirin. Sai a shekarar 2014 ta amince da wani sabo, bayan fari ya matsa kuma an wayar da kan jama'a.

Hukumar gundumar Oranj ba ta ɓoye wa mutanenta komai ba. Tun kafin a fara gini, ma'aikatanta suka bi unguwa-unguwa. Suka gana da likitoci da shugabannin jama'a da ƙungiyoyi da makarantu. Suka faɗi daga inda ruwan yake fitowa, da yadda za a tace shi. Suka buɗe ƙofar matata ga masu ziyara. A ƙarshen zagaye akan miƙa wa baƙo kofi ya sha. Gani ya kori ji. Da haka mutane suka yarda.

Malaman Musulunci ma sun duba wannan batu. A shekarar 1978, Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Saudiyya ta ba da fatawa a kai. Ta ce idan an tace ruwan sosai, har ya koma asalinsa, babu sauran najasa a launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, to ya tsarkaka. Ana iya alwala da shi. Ana iya shan sa idan ba zai cuci lafiya ba. Ku lura da sharaɗin: sai an tace shi sosai.

Aiki Ne Mai Tsada

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, ba kuma na ƙauye ɗaya ba. Kashin farko kaɗai ya ci dalar Amurka miliyan 481. Yana bukatar wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Yana bukatar ƙwararrun ma'aikata da kayan gyara. Duk da haka, hukumar ta ce wutar da yake ci ba ta kai ta jawo ruwa daga arewacin jihar ba, balle ta tace ruwan teku.

Wasu ƙasashe ma suna yin irinsa. Birnin Perth na ƙasar Ostareliya ya fara babban aikin zuba tataccen ruwan kwata a ƙarƙashin ƙasa a shekarar 2017. A nahiyar Afirka kuwa, birnin Windhuk na ƙasar Namibiya ya riga kowa. Tun shekarar 1968 yake tace ruwan kwata, yana gauraya shi da ruwan famfo kai tsaye.

Darasi Ga Mutanen Karkara

Jama'a, a nan ake so ku buɗe kunne da kyau. Kada wani ya ji wannan jawabi ya ce zai juya kwatar gidansa cikin tsohuwar rijiya, wai yana ƙara wa ƙasa ruwa. Wannan ɓarna ce babba. Mutanen Oranj ba su zuba ko ɗigo ɗaya a ƙasa ba sai da suka tace shi, suka gwada shi. Ruwan ƙasa a haɗe yake. Ƙazantar da aka zuba a rijiya ɗaya tana iya fitowa a rijiyar maƙwabci. Daga nan sai amai da gudawa, da zazzaɓin taifot. Kuma idan rumbun ƙasa ya gurɓace, gyaransa yana ɗaukar shekaru masu yawa.

Ga abin da kowane gari zai iya yi ba tare da inji ba.

Na ɗaya, a nisanta masai daga rijiya. Ma'aikatan lafiya sun ce kada tazarar ta gaza mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum. Masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Kada a haƙa masai har ya tarar da ruwa.

Na biyu, a ɗaga bakin rijiya, a yi masa daɓen siminti da murfi. A yi wa ruwan da ya zube hanya ya tafi nesa. A yi wa dabbobi wurin sha daban. Guga kuma a rataye shi, kada a ajiye shi a ƙasa.

Na uku, kada a mai da matacciyar rijiya juji. A cike ta da ƙasa mai tsabta, a toshe bakinta. Kada a wanke tankin feshin maganin ƙwari kusa da rijiya ko rafi. Haka ruwan marina da na majema da baƙin man inji, a nisanta su.

Na huɗu, a taimaki ruwan sama ya nutse. Shi ne tataccen ruwan da Allah yake saukarwa kyauta. A jera duwatsu a gona ta yadda za su tare gudun ruwa. A haƙa ƙananan ramuka da kunya mai siffar rabin wata, kamar yadda manoman jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar suke yi a kan faƙo. A bar itatuwa su tsaya a gona. Ruwan da ya tsaya ya nutse, shi za a tarar a rijiya da bazara.

Na biyar, a zauna da mai gari da kwamitin ruwa a yi magana. Rumbun ƙasa na kowa ne. Mutanen Oranj sun yi nasara ne domin sun kafa masu kula da shi, suna auna abin da aka ɗiba da abin da aka zuba.

Tambayoyi Domin Tattaunawa A Aji

1. Me ya sa ruwan teku ya shiga rijiyoyin gundumar Oranj?
2. Faɗi matakai uku da ake bi wajen tace ruwan.
3. Me ya sa ba a yarda a zuba ruwan kwata a tsohuwar rijiya ba?
4. Taku nawa ne tsakanin rijiyar unguwarku da masai mafi kusa da ita? Ku je ku auna, ku rubuta, ku kawo wa malaminku.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye rijiyoyi daga ƙafewa. Sai wata mai zuwa. Wassalam.